Kafin Ka Ɗora Samfefa Kan Ƙotar Tsohuwar Bindiga

Na gaji da ganin abu ɗaya yana ta maimaituwa. Mutum ya gaji tsohuwar bindiga mai baki biyu, ko ya saye ta a gwanjo, sai ya ga ƙotar ta dushe da ƴan ƙwarzane, ya ce bari ya mayar da ita sabuwa. Daga nan ɓarna take farawa. Masu tara irin waɗannan bindigogi asali suke saye da kuɗinsu. Bindigar Purdey, gidan da aka kafa a Landan a 1814, ko ta Holland & Holland, ko Parker ta Amurka wadda kamfanin Remington ya saye a 1934, duk wadda take da shafenta na masana'anta ko da ya tsufa ta fi wadda aka kankare aka sake shafawa daraja.

Babban laifi shi ne samfefa. Ƙotar bindiga mai kyau da itacen walnat ake yin ta, kuma maƙerin yakan bar itacen ya ɗan ɗara ƙarfe tudu a inda suka haɗu. Kana gogawa wannan tudun ya tafi, ƙarfe ya fito sama da itace, kusurwoyi masu kaifi su zama dunƙulallu. Mai ido da yatsa ɗaya zai shafa ya gane. Ga kuma ƙananan tsagogin nan da aka sassaƙa da hannu a mariƙi don kada hannu ya zame, samfefa tana bi ta kansu sai kawunansu su baje. Itacen da ya zama gari ba ya komawa.

Wannan ya taɓa cina. Na kai wata tsohuwar bindiga ƙirar birnin Birmingham na Ingila wurin wani kafinta don ya liƙe mini ƴar tsaga a ƙasan ƙota, ita kaɗai. Da na koma sai na tarar ya kankare ta tas, ya malala mata banish mai ƙyalli irin na kujerun falo, yana murmushi yana jiran yabo. Har yau in na tuna sai raina ya ɓaci. Jama'a, ku daina kai wa mai gyaran kujera bindiga! Banish ɗin zamani yana zama a saman itace kamar leda, ya cike tsagogi, in ya daddare kuma ba ya gyaruwa sai an kankare duka. Shafen Landan na gargajiya man linsid ne, wato man da ake tatsa daga ƙwayar wani tsiro, ana murza shi da tafin hannu, ɗan kaɗan, a bari ya bushe, a sake, har tsawon makonni. Cikin itacen yake shiga, shi ya sa ake iya sabunta shi ba tare da an cire komai ba.

Ni al'adata, wanka nake fara yi wa ƙota. Tsumma mai laushi da ɗan man linsid da aka sirka da tafentin, ruwan da ake tsinka fenti da shi, sai tsohon buroshin haƙori don tsagogi. Sau da yawa abin da ake zaton shafe ne ya mutu, dauɗar hannu ce ta shekaru. Inda itace ya lotsa bai karye ba, jiƙaƙƙen tsumma da bakin dutsen guga sukan tashe shi, amma a kan shafen mai kawai nake yin haka, don tururi yana ɓata banish na asali.

Laifi na biyu da yake ƙona mini rai shi ne man bindiga. A tuttula mai a cikin ƙarfe, a jingine bindiga bakinta sama, man ya riƙa gangarowa cikin kan ƙota shekara da shekaru. Itacen ya yi baƙi, ya yi laushi, a daidai wurin da yake ɗaukar duka idan an harba, sai tsaga ta biyo baya. Mai kaɗan ya isa, kuma ni bakin nake juyawa ƙasa idan zan ajiye. In man ya riga ya jiƙa itacen, garin alli da aka kwaɓa da asiton, wani ruwa mai narkar da mai da fenti, yana tsotso shi a hankali, amma yana cin shafe, saboda haka aikin ƙwararren mai gyaran bindiga ne.

Sauran ƙanana ne. Kada ka kwance sukurorin da sukudireban kasuwa, tsagarsu siririya ce, za ka tauna musu kai. Kada ka yanke ƙota don ta yi maka tsawo, gara ka haƙura. Kada ka bar ta kusa da taga a lokacin hunturu. Tsumman da ya sha man linsid kuma a shanya shi a buɗe, domin in aka dunƙule shi yana iya kamawa da wuta da kansa.

Akwai lokacin da nake yarda a sake shafe: idan wani ya riga ya kankare ta tun da, ko kuma bindigar aiki ce da aka ƙera da yawa, ba ta masu tarawa ba. Idan ƙota ta tsage a wuya, a gyara kafin a sake harbawa, ko da gyaran zai taɓa shafen. A sauran duka, nemi wanda ya san kuɗin irinta ya duba kafin ka taɓa.