Yadda na shawo kan iska da ƙura a wajen ɗaukar bidiyon ɗinkinmu

A watan Janairu muka kwashi ɗinkunan aikinmu na ƙarshen zango zuwa duwatsun Birnin Kudu, inda ake da zanen mutanen zamanin da. Muna sauka hazo ya rufe gari, iska kuma ta ƙi lafawa. Mayafin da muka kai rini Ƙofar Mata sai naɗe fuskar mai sanye da shi yake, ƙura tana ta kwanciya a gilashin kyamara.

Ƙurar ba ta ba ni wuya ba. Na zura kyamarar cikin leda, na huda wajen gilashin, na ɗaure da roba. Na hana kowa gogewa da gefen riga, don yashi kankare gilashi yake.

Mayafin ne ya ci mana rabin yini. Wata dattijuwa mai fura da ke kallonmu ta ce, "'Yan nan, ki ɗinka masa tsakuwa a baki mana." Na ce to, Inna. Tsakuwa shida na ɗinke cikin kalmasar, muka juya yarinyar ta fuskanci iskar. Sai ga mayafin yana tashi ta bayanta a hankali, abin sha'awa.

Sautin kam watsar da shi na yi, na ɗora kiɗan kalangu daga baya. Hazon da nake tsinewa kuwa shi ya tausasa hasken, shuɗin mayafin ya fito sosai.