Yadda Za Ka Nemi Sulhu da Ɗan'uwan da Ya Ci Maka Iyakar Gona

A ƙauyukanmu na wajen Sumaila da Tudun Wada, kunya biyu ta gero kan raba 'yan gida ɗaya, har su zauna a coci guda ba gaisuwa. Abin yana ci mini rai.

Da farko, ka durƙusa ka faɗa wa Ubangiji abin da ya faru, ka ambaci sunan mutumin, ka roƙa masa albarka. Nan ne wuyar take. Baki zai yi nauyi, amma ka daure ka maimaita kullum har zuciya ta sauko, domin Ibraniyawa 12:15 ta gargaɗe mu game da tushen ɗaci.

Daga nan ka kama bakinka, ka daina kai zancen majalisa ko kasuwa.

Sai ka je wurinsa kai kaɗai, yadda Matiyu 18:15 ta koyar. Ka zaɓi yamma, bayan ya dawo daga gona ya ci tuwo. Ka yi sallama, ka gaishe shi da gajiya, ka tambayi iyali. Sannan ka ce, "Yaya, gambar da aka tuge a iyaka ta ɓata mini rai, amma na yafe." In kana da naka laifin, ka roƙi gafara.

In ya ƙi saurara, ka koma da dattijon ikilisiya ɗaya ko biyu.

Maganar iyakar kuwa, a kira mai unguwa da maƙwabtan gona su nuna inda take, a sake dasa gamba kafin shuka.