Yadda za ka kai ƙorafi idan an miƙa wa yaro giya a ƙofar gida a Ingila

A Ingila doka ta hana sayar wa ɗan ƙasa da shekara 18 giya, ko da ta intanet ne.

1. Rubuta rana, lokaci da lambar odar.
2. Ɗauki hoton kwalin.
3. Aika wa kamfanin da aka yi odar giyar daga wurinsa imel maimakon kiran waya, domin rubutu shi ne shaidarka. Faɗi abin da ya faru filla-filla: yaro ne ya buɗe ƙofa, ba a nemi fasfo ko lasin tuƙi ba, aka miƙa masa. Wannan babban sakaci ne, kada ka bari a rufe maganar da "yi haƙuri" kawai.
4. Ba su mako biyu.
5. In sun yi shiru, sanar da Citizens Advice, ƙungiyar da ke ba jama'a shawara kan haƙƙoƙinsu, su ke miƙa irin wannan ƙorafi ga hukumar Trading Standards, mai sa ido kan bin dokokin ciniki.