Kurakuran da ke kashe mana kifi a tankin gida dare ɗaya

Wallahi na gaji da jin magana ɗaya: "jiya lafiya lau suke, da safe na tarar duk sun taso ciki sama." Sai a ce mai kifi ne ya sayar da marasa lafiya. Sau da yawa kai ne ka kashe su da tsafta.

Ni ma na yi. Kifi 9 nake da su, ruwan ya ɗan yi duhu, na kwashe su cikin bokiti, na wanke gilas da omo, na dirje tsakuwa, sosan filta (matatar ruwan tankin) kuwa na matse shi a bakin famfo har ya koma fari fat, na cika da sabon ruwa ina ta jin daɗi. Kwana uku na rasa 7. Har yau ina tuna babban jan nan yana kwance a kusurwa, yana buɗe baki yana rufewa da ƙyar. Wannan dattin ruwan ƙasa da ke jikin soso ba datti ba ne, gidan ƙwayoyin bakteriya ne masu juya amoniya, gubar da ke fitowa daga kashin kifi, zuwa wata gubar mai suna naitirayit, sannan zuwa naitiret mai sauƙin illa. Kilorin, sinadarin da ake zubawa a ruwan famfo, yana kashe bakteriyar nan take, kuma kafin su dawo sai an yi sati 4 zuwa 6, duk tsawon lokacin kifinka cikin guba yake iyo ko da ruwan garai-garai yake. Don Allah ku daina wankin nan na sallah! Ni duk Juma'a kashi ɗaya cikin huɗu kawai nake zuƙewa, sosan kuma a cikin tsohon ruwan da na cire nake ɗauraye shi, sabon ruwan sai na ɗiga masa maganin cire kilorin. Sabulu ko kusa, har hannun da ya sha mai ba na tsomawa.

Kuskure na biyu, maganin sauro. A fesa fiya-fiya a falo, a rufe ƙofa a fita, famfon iskar tankin yana ta zuƙo wannan iskar yana turawa cikin ruwa. Haba! Abin da ke kashe sauro ai bai bar kifi ba, ɗan kaɗan ya isa. A gidana ɗakin da tanki yake ba a feshi, na sha faɗa da mutanen gida a kan haka, gidan sauro muke ɗaurawa.

Abinci kuma abin da za su cinye cikin minti 2 ya isa, saura ruɓewa yake. Sabon kifi a bar ledarsa ta yi minti 20 a saman ruwan kafin a sake shi, ni sai ya yi sati 2 a wani mazubi daban ma. In an ɗauke wuta lokacin zafin Afrilu ka ga suna haki a sama, iska ce ta yi ƙaranci, ruwan zafi ba ya riƙe ta sosai, ɗebi ruwan da kofi ka riƙa kwararo shi daga sama, ko ka sayi ɗan famfon iska mai batir.

In ɗaya ya mutu, cire shi nan da nan, ƙirga sauran, duba bayan dutse ko akwai wata gawar. Canza rabin ruwan, tsayar da abinci kwana biyu, a gwada amoniya da naitirayit kafin a fara zuba wani magani.