Yadda ake amfani da ESC da na'urar hana taya santsi idan an sauka daga kwalta

A yawancin motocin zamani akwai wani maɓalli mai hoton mota da layuka biyu masu lanƙwasa a ƙarƙashinta. Muddin a kan kwalta kake, ƙyale shi. Amma ranar da hanya ta kai ka cikin rairayi, laka ko duwatsu, sanin lokacin danna shi ne zai raba ka da kwana a daji.

Na'urori biyu ne ke bayansa. Ta farko, mai hana taya santsi, wadda ake kira TCS ko TRC, tana ƙirga juyin kowace taya. Idan ta ga wata tana juyawa a banza, dabara biyu gare ta: ko ta rage wa inji ƙarfi, ko ta matse wa tayar nan birki ita kaɗai. Ta biyun ita ce ESC, mai kwatanta inda ka nufa da sitiyari da inda motar ta dosa a zahiri, ta kama birkin taya ɗaya don ta dawo da ita kan layi. Bosch da Mercedes ne suka fito da ita a 1995, Amurka ta wajabta ta daga motocin 2012, Tarayyar Turai kuma ta wajabta ta ga duk sabuwar mota a 2014. Toyota na kiranta VSC, Honda VSA, Nissan VDC.

Ga abin da za ka riƙe: rage ƙarfin inji shi ke kafe mota a ƙasa mai laushi, matse birkin taya ɗaya kuwa shi ke fitar da ita daga rami. Duk matakan da ke tafe a kan wannan bambancin suke.

1. San halin motarka tun kana gida

Buɗe littafin motar ka duba. A motoci da yawa, danni ɗaya yana kashe TCS kaɗai, sai ka riƙe maɓallin na 'yan daƙiƙu mota na tsaye sannan ESC ma ta mutu. Wasu kan kunna kansu da zarar gudu ya kai kimanin kilomita 50 a awa, ko idan an kashe inji an sake tayarwa. Motoci masu ja da ƙafa huɗu da dama kuma suna kashe ESC da kansu in an sa 4L, wato giyar ƙafa huɗu mai ƙarfi ta tafiya a hankali. Koyi karanta fitilar ma: in tana ƙiftawa, na'urar na aiki ne a lokacin, in ta tsaya cak da rubutun OFF, a kashe take.

2. Hanyar burji da tsakuwa: bar komai a kunne

Nan ne mutane ke kuskure mai tsada. Sauka daga kwalta ba shi ne dalilin kashewa ba. A kan tsakuwa ana gudu, bayan mota na iya ƙwacewa a kwana ba sanarwa, ga motocin daji dogaye ne, saurin kifewa gare su. A ganina babu inda direba ya fi bukatar ESC kamar nan.

3. Rairayi: kashe kafin ka shiga

Tsaya a ƙasa mai tauri. Rage iskar tayoyi zuwa wajen psi 18 a ma'aunin iskar taya don su baje, ka sa ƙafa huɗu, sannan ka kashe duka biyun. A cikin rairayi dole tayoyi su ɗan yi juyin banza kafin mota ta ci gaba, na'urar kuwa ɗaukar wannan take a matsayin haɗari. Za ka ji ƙafarka a kan totur amma injin ya yi lakwas, gudu na raguwa, hancin mota na nitsewa. Tafi da gudu ɗaya wanda ba ya yankewa, kada ka karya sitiyari da ƙarfi tunda iska ta ragu. In motar ta tsaya, ɗaga ƙafa nan take, domin ƙarin wuta haƙa rami ne kawai. Koma da baya a kan sawunka.

Idan motarka na da tsarin zaɓen irin ƙasa, kamar Terrain Response na Land Rover ko Multi-Terrain Select na Toyota, zaɓi na rairayi, shi zai daidaita yawancin wannan.

4. Laka: duba zurfinta

Laka mai kauri takan cika zanen taya har ya shafe, kuma juyi ne ke watsar da ita, don haka a kashe. Amma in santsi ne kawai a sama, ƙasa da tauri, bar TCS ta yi aikinta.

5. Duwatsu da ramuka: nan ake son birkin

Ka ɗauka tayar gaba ta hagu da ta baya ta dama sun rataye a iska. Yadda aka ƙera aksul na yau da kullum, ƙarfin inji kan tsere ne zuwa tayar da ba ta riƙe komai, kamar yadda ruwa ke bin gangare, sai masu taɓa ƙasa su zauna ba motsi. Da TCS ta matse birkin wadda ke lilo, ƙarfin sai ya koma ga 'yar'uwarta, don haka a nan bar TCS a kunne.

Sa 4L da giya ta ɗaya, ka taka totur a hankali, ka riƙe shi wuri ɗaya. Tayar za ta juya na ɗan lokaci, sannan ka ji ƙara gar-gar-gar daga ƙarƙashi, motar ta ɗan girgiza. Ba lalacewa ba ce, kada ka ɗaga ƙafa. Na'urar sai ta ga juyin banza take kama birki, duk wanda ya saki totur a daidai nan ya katse mata aiki, dole ta sake daga farko. Ba ta daƙiƙa biyu ko uku, za ka ji motar ta ɗago ta wuce. Kada kuma ka taɓa birki da ƙafar hagu, wasu motocin na janye taimakon in sun ji haka.

Wannan aikin na ɗora wa birki zafi. In ka daɗe kana fama ka ji ƙararrawa, na'urar ta dakata ne don ta huce. Tsaya na 'yan mintuna. Wanda motarsa ke da makullin aksul na baya, mai sa tayoyin biyu su juya tare, ya kulle tun kafin ya shiga wuri mai wuya, ya kuma sani cewa a wasu motocin kulle shi na kashe ABS, wato na'urar da ke hana tayoyi cijewa idan an taka birki da ƙarfi.

6. Gangare mai tsayi

Giya ta ɗaya a 4L, hancin mota ya miƙe ƙasa. In akwai maɓallin saukar gangare, kunna shi ka bar mata birkin, kai ka ji da sitiyari.

7. Kafin ka hau kwalta

Tsaya ka mayar da iskar tayoyi yadda kamfani ya rubuta a jikin ƙofa, ka buɗe makullin aksul, ka fita daga 4L, ka danna maɓallin har fitilar OFF ta mutu. In fitilar ESC ko ta ABS ta ƙi mutuwa, leƙa bayan tayoyi: laka kan toshe na'urar ƙirga juyi, reshe kuma kan tsinke wayarta. Wanke wurin, in ba ta mutu ba ka tafi a hankali a duba maka da kwamfuta, domin har a gyara motar ba ta da ESC.