Yadda Fasinjan Jirgin Ruwa Zai Zagaya Cinque Terre a Wuni Ɗaya Daga La Spezia

Manyan jiragen ruwan yawon shaƙatawa da ke zagaya Bahar Rum sukan yada zango a tashar La Spezia, a arewa maso yammacin Italiya, da safe, su tashi da yamma. Abin da ke jan yawancin fasinjoji su sauka shi ne ƙauyuka biyar da ke maƙale a jikin duwatsun gaɓar teku, waɗanda ake kira Cinque Terre: Riomaggiore, Manarola, Corniglia, Vernazza da Monterosso. Hukumar UNESCO ta sanya yankin cikin wuraren tarihi na duniya a 1997. Mutum na iya zuwa da kansa ba tare da ya biya kuɗin rangadin da kamfanin jirgin ke shiryawa ba, kuma hakan ya fi araha nesa ba kusa ba, amma ya sani cewa jirgin yakan jira waɗanda suka fita a rangadinsa ne kawai, ba ya jiran wanda ya fita don ƙashin kansa.

Shiri yana farawa tun daren da ya gabaci ranar. Duba takardar shirye-shiryen da ake kawowa ɗaki, ka rubuta lokacin da ake so kowa ya dawo cikin jirgi, wanda yawanci yakan zo rabin sa'a kafin tashi, sannan ka ɗauki hoton lambar wayar wakilin jirgin a wannan tashar. Ka tabbata agogonka ya yi daidai da na jirgi. Mai fasfon Najeriya ko Nijar yana buƙatar bizar Shengen tun kafin ya hau jirgin, don haka ya riƙe fasfonsa ko kwafinsa tare da katin jirgi. Ka kuma bincika ko an sanar da yajin aikin ma'aikatan jirgin ƙasa a wannan rana, domin abu ne da aka saba gani a Italiya, kuma idan ya faɗo a ranarka gara ka sake tsari tun da wuri.

Da safe ka yi ƙoƙarin kasancewa cikin sahun farko na masu sauka. Ba a barin fasinja ya taka da ƙafa a cikin harabar tashar, sai dai bas ta kwashe mutane zuwa bakin ƙofa, daga nan kuma tafiyar minti ashirin zuwa ashirin da biyar ce ta tsakiyar gari zuwa tashar jirgin ƙasa ta La Spezia Centrale. Wanda ke tare da tsoho ko ƙananan yara ya ɗauki tasi. A tashar, sayi katin Cinque Terre na jirgin ƙasa na wuni ɗaya, wanda zai ba ka damar hawa da sauka iya son ranka tsakanin La Spezia da Levanto, garin da ke gaba da Monterosso, har da shiga wasu hanyoyin ƙafa da ake biyan kuɗi. Saye ta intanet tun kafin ranar ya fi, saboda layi yakan yi tsawo idan jirage biyu suka sauke mutane a tare. Idan tikitin takarda ne a hannunka, ka zura shi a na'urar buga hatimi kafin ka hau, in ba haka ba mai duba tikiti zai ci ka tara, kuma ba ya sauraron uzurin baƙunta.

Kada ka ce sai ka ga duka biyar. Uku sun isa, kuma dabarar ita ce ka wuce kai tsaye zuwa mafi nisa, wato Monterosso, sannan ka riƙa dawowa kana matsowa kusa da jirginka yayin da rana ke yin ƙasa. Tafiyar ba ta kai rabin sa'a ba, kusan dukkanta a cikin ramukan da aka fasa a dutse, sai dai teku ya ɗan leƙo ta taga ya ɓace. Monterosso ce ke da shimfiɗaɗɗen bakin ruwa, kuma ita ce ta fi sauƙin takawa ga mai ciwon gwiwa. Sa'a ɗaya ta wadatar.

Vernazza ce ta cancanci a daɗe a cikinta. Daga tasha titi ɗaya ne ke gangarawa tsakanin dogayen gidaje masu fentin ruwan hoda da rawaya, da wanki a shanye a tagogi, har ya kai ɗan dandalin da ke bakin ruwa, inda kwale-kwalen masunta ke jere a gefen cocin Santa Margherita. Ka hau matakalar da ke kaiwa tsohuwar hasumiyar Doria, domin daga can ne za ka ga yadda mutanen wurin suka yanka gangaren dutse hawa-hawa, suka tokare shi da katangun duwatsu marasa siminti don noman inabi da zaitun. A ranar 25 ga Oktoba 2011 ambaliyar laka ta binne wannan titin, aka daɗe ana gyara, abin da ya sa hukumomi ba sa wasa da gargaɗin ruwan sama: da an ɗaga matakin gargaɗi sai a rufe hanyoyin ƙafa. A nan ya kamata ka ci abincin rana. Soyayyen kifi da ake zubawa a nannaɗaɗɗiyar takarda, ko taliyar trofie da miyar pesto, ko farinata da ake gasawa da garin wani nau'in wake, duk ba sa cin lokaci. Musulmi ya tambaya ko an sa giya a miyar kifi, ko kitsen alade a burodi, domin wasu masu gashi suna sawa.

Corniglia a bar ta sai wani zuwan. Tana bisa tsauni, ba ta da mashigar jirgin ruwa, kuma daga tasha akwai matakala kusan 380 kafin a isa gari. Haka ma hanyar ƙafa daga Monterosso zuwa Vernazza, wadda ke cin kimanin sa'o'i biyu, kuma ana cin tarar wanda ya hau ta da silifas.

Zango na uku shi ne Manarola. Bi hanyar da ta zagaya ta dama daga bakin ruwa, ka juyo ka dubi garin, gidajensa sun hau kan juna a bisa baƙin dutse. Mai sauran lokaci yana iya maye gurbinta da Riomaggiore, ya taka hanyar Via dell'Amore da aka sake buɗewa a 2024 bayan an rufe ta tun 2012 saboda zaftarewar duwatsu, amma sai an kama lokacin shiga tun da wuri.

Wajen dawowa, ka ƙidaya baya daga lokacin rufe ƙofar jirgin ruwa, ka bar Manarola da saura sa'o'i biyu cur, ko da tafiyar jirgin ƙasan kimanin minti goma ce. Da la'asar taragai sukan cika maƙil har mutum ya kasa shiga na farko, kuma a wannan turmutsutsun ne 'yan sane ke cin kasuwarsu, don haka jaka ta koma gaba. Ka duba allo ka tabbatar jirgin La Spezia ya nufa, ba Levanto ba. Idan duk da haka ka ga za ka makara, kira wakilin jirgin ruwan nan take ka faɗa masa sunanka, lambar ɗakinka da inda kake, domin shi ne zai sanar da jirgin, kuma ta hannunsa za ka karɓi takardunka idan ya tashi ya bar ka.