Hanyar da kake cewa duk tudu ce: kurakuran masu keke wajen auna hawa

Idan masu keke suka taru bayan atisaye, da wuya a watse ba a yi gardamar hanya ba. Wannan ya ce tasu duk hawa ce, wancan ya ce ai wasa ce kusa da wadda shi yake bi. Sau da yawa kowa gaskiyarsa yake faɗa, mudun da suke awo da shi ne ba ɗaya ba.

Kuskuren da ya fi yawa shi ne a ɗauko jimillar mitocin hawa a yi ta tinƙaho da ita. Mutum ya ce yau ya hau mita 800. To, a cikin kilomita nawa? Idan a kilomita 40 ne, kowace kilomita tana ɗauke da hawan mita 20, kuma cinya za ta ba da labari washegari. Idan a kilomita 120 ne, bai kai mita 7 a kowace kilomita ba, hanya ce mai ɗan tashi da sauka kawai. Gyaran ba wuya: raba mitocin hawa da kilomitocin tafiya. Ni dai a wurina, ƙasa da 5 shimfiɗa ce, wajen 10 an fara jin jiki, daga 20 zuwa sama kuwa sai a kira ta hanyar tuddai ba tare da kunya ba. Ba doka ba ce, amma tana kashe rabin gardamar.

Sauran rabin yana wurin yadda hawan ya rarrabu. Hanya biyu za su iya ba da lissafi ɗaya, ɗaya doguwar hawa guda ce, ɗaya kuma ƙananan tuddai talatin ne a jere, kuma abin da suke nema a jiki ya sha bamban. Dubi tudun Alpe d'Huez a Faransa: kilomita 13.8, matsakaicin tsayuwarsa kashi 8.1 cikin 100, wato hawan mita 8.1 a kowace mita 100 ta tafiya, da lanƙwasa 21. Can haƙuri ake nema da daidaita numfashi na tsawon lokaci. Koppenberg kuwa, a Beljiyam, bai wuce mita 600 ba, amma daɓen duwatsu ne kuma akwai inda ya kai kashi 22, har an sha ganin ƙwararru sun sauka suna tura keke a gasar tseren keke ta Flanders. Wanda ya saba da irin na biyu kaɗai, ranar da ya haɗu da irin na farko zai ƙone ƙarfinsa tun a kilomita biyun farko.

Shi ma matsakaicin tsayuwa yana da nasa ha'incin, kuma a nan na fi ganin mutane suna faɗawa. Manhaja ta nuna maka tudu mai kilomita 2 a kashi 5, wato hawan mita 100, ka ce wannan ai ko giya ba sai ka canza ba. Alhali kilomita ɗaya da rabi na farko kashi 2 ne kacal, mita 30 ke nan, sauran mita 70 ɗin duk suna jibge a mita 500 na ƙarshe, wato kashi 14. Lissafi bai yi ƙarya ba, ɓoyewa ya yi. Don haka kafin ka yanke wa tudu hukunci, buɗe zanen hawan ka duba shi yanki-yanki, ka nemi inda ya fi tsayuwa da tsawon wurin.

Ana cewa ido ba mudu ba ne amma ya san kima. A kan tudu dai bai sani ba. Binciken da Dennis Proffitt da abokan aikinsa suka wallafa a 1995 a Amurka ya nuna mutane kan kimanta tudu mai digiri 5 a matsayin kusan digiri 20, kuma wanda ya gaji ya fi ganinsa a tsaye. Ga kuma rikita kashi da digiri: kashi 10 bai kai digiri 6 ba, kashi 100 shi ne digiri 45. Duk wanda ya ce maka ya hau titi mai digiri 30 a kan keke, gajiya ce ke magana.

Sai na'ura. Abokai biyu su bi hanya ɗaya kafaɗa da kafaɗa, ɗaya ya samu mita 600, ɗaya 750, a fara zargin juna. Wayar da ta dogara da GPS kaɗai ba ta ƙware a auna tsayi ba, tana tara ƙananan kurakurai ta mayar da su hawa. Na'urar da ke auna matsin iska ta fi ta, amma ita ma idan hadari ya taso matsin ya sauya, sai ta ɗauka ka hau ko ka sauka, domin sauyin hektofaskal ɗaya, wato ma'aunin matsin iska, daidai yake da wajen mita 8. Idan laka ko ruwa ya toshe 'yar ƙofar iskarta, to sai dai haƙuri. Kwatanta hanyoyinka da na'ura ɗaya, ka bi hanyar sau uku ko huɗu ka ɗauki tsaka-tsaki.

Akwai masu cewa tunda sun dawo inda suka tashi, gangara ta biya hawa. A mita ta biya, a lokaci ba ta biya ba. Ka hau kilomita 5 a gudun kilomita 10 a awa, minti 30 ke nan. Ka gangaro a 40, minti 7 da rabi. Matsakaicin gudunka 16 ne, ba 25 ba. Wannan ne ma ya sa wasu ke auna tudu da raguwar gudunsu, wanda shi ma tarko ne, don iska mai bugun gaba ko titi mai gargada za su rage maka gudu a fili fetal.

Mai son ma'aunin tudu guda zai iya aron dabarar Strava, manhajar da masu keke ke adana bayanan atisayensu: a ninka tsawonsa a mita da kashin tsayuwarsa. Daga 8,000 ya shiga rukuni na 4, mafi sauƙi, daga 80,000 kuma ya wuce rukuni, wato mafi wuya, sahun su Alpe d'Huez. Tudun nan namu mai kilomita 2 a kashi 5 ya ba da 10,000, wato da ƙyar ya shiga rukuni na 4, duk da mita 500 ɗin ƙarshen da za su tashe ka daga kan sirdi.